Takardar Sunaye a Ƙofar Makaranta

Ruwais, Jidda
12 ga Jimada Awwal, 1381

Zuwa ga taubashina Bawa tela, a Fagge, Kano.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da iyali da Gwaggo. Yaya ƙafarta? Man da na aiko ta hannun alhazai bara ya yi mata amfani kuwa? Mu nan alhamdu lillahi. Mastura tana gaishe ku. Sharifa ta yi zazzaɓi na kwana huɗu, ta warware. Ka yi haƙuri da ajamina, ka san hannun nan da Larabci ya saba.

Na bar dakon kaya a tashar jirgin ruwa, baya ya gaji. An buɗe makarantar 'yan mata a bayan masallacin unguwarmu, aka nemi mutum mai shekaru kuma mai mata, shi ya tsare ƙofa, matarsa ta yi aiki a ciki, tunda namiji ba ya shiga. Kafilina, wato ɗan ƙasar da ya tsaya min, ya kai sunana. Yanzu ni ne bawwab, Mastura ke shara da kai wa malamai ruwa. Sharifa ma mun sa ta. Shekararta tara, ta riga ta iya rubuta sunanta da nawa.

Amma ba don albishir kaɗai na ɗauki alƙalami ba, Bawa. Tsoro nake ji.

Tun ranar da aka buɗe, kullum da safe sai maza sun taru a tsallaken titi, daidai ƙofata. Da farko su biyar ne. Makon jiya na ƙirga ashirin da uku. Cewa suke makarantar mata fitina ce, duk uban da ya kawo 'yarsa ya zubar da ita. Mai yi musu magana kuma ba baƙo ba ne. Usuman ne, wan Mastura, mai sayar da littattafai a Ammariyya, wanda ya raka ka Madina shekarar da ka zo Hajji. Shi ba ya zagi. Wa'azi yake yi da muryar nan tasa mai sanyi. Na bayansa ne ba sa jin kira. In yarinya ta zo wucewa sai su riƙa kiran sunan ubanta da ƙarfi, titi duk ya ji.

Ranar Talata wani ya yi jifa, ban ga ko wane ne ba. Ƙofar ƙarfe dutsen ya samu, amma ƙarar ta sa yara suka watse da gudu. Larai, 'yar Dela mai sayar da gyaɗa, ƙawar Sharifa, ta taka mayafinta ta faɗi a kan dakali, haƙora biyu suka fita. Ni na ɗauke ta, jini har gwiwar hannuna. Tun daga ranar Sharifa ba ta iya karin kumallo, in ta ci sai ta amayar. A hanya da hannu biyu take riƙe rigata. Shekaranjiya ta ce min, "Abuya, Kawu Usuman ne zai jefe ni?" Me zan ce mata?

Jiya umda, wato mai unguwarmu, ya zo da askari biyu aka karanta takarda a ƙofar masallaci. Daga yanzu ba a yarda mutum uku su tsaya tare ba tsakanin masallaci da famfon unguwa. Ba wa'azi, ba ɗaga murya, daga fitowar rana har a tashi yara. Wanda ya saɓa sai markaz, ofishin 'yan sanda ke nan. Ni kuma an ba ni littafi da fensir, duk wanda na gani in rubuta sunansa.

Wallahi da na ji sai da na yi sujada. Yau titi wayam, Sharifa ta sha shayinta har ta nemi ƙari. Ku taya mu addu'a abin ya ɗore.

Naka,
Abdulghani


Fagge, Kano
14 ga Nuwamba, 1961

Zuwa ga taubashina Abdulghani, sarkin ƙofa.

Wa alaikumus salam. Wasiƙarka ta same mu lafiya. Inna ta ce in gaya maka man ya ƙare tun da azumi, ƙafa kuma tana nan yadda ka san ta. Ni lafiya lau, sai kunnen nan na hagu da ba ya komawa daidai. A gaishe da Mastura. A ce wa Sharifa kawunta na Kano ya ji ta iya rubutu, yana jiran layi ɗaya da hannunta.

Na yi murna da aikin, kuma na fi murna da ka sa yarinya a makaranta. Usuman ya yi kuskure, ko a gabansa zan faɗa. Wanda ya yi jifan kuwa, a nemo shi a hukunta shi, haƙoran marainiya ba abin wasa ba ne.

Amma littafin nan da fensir, Abdulghani, tun da na karanta hankalina bai kwanta ba.

Ka taɓa tambayata abin da ya sami kunnena, na ce maka ciwo ne. Ba ciwo ba ne. Shekara huɗu ke nan, na hau benci a wani fili kusa da makarantar elamantare ina yi wa mutane lacca a kan haraji. Ban zagi kowa ba, ko tsinke babu a hannuna. Ashe an yi doka, ba taro kusa da makaranta, wai don kada yara su tsorata ko su ɗauki waƙoƙin siyasa. Ranar Juma'a ce, Abdulghani. Ko yaro ɗaya babu a makarantar. Aka sauko da ni da mari, aka kai ni gaban alƙali, wata uku. Wanda ya ba da sunana maƙwabcina ne, ni na ɗinka masa rigar aurensa. Har yau in mun haɗu a masallaci ba ya iya ɗaga ido, kuma na san ba mugu ba ne. An dai ba shi takarda ne aka ce ya rubuta.

Mai jifa daban, mai magana daban. Mai jifa a kama hannunsa. Mai magana a amsa masa. Me ya hana ku iyayen yaran ku fito ku ma ku tsaya, ku ce wa Usuman ga dalilinmu, ga ayarmu, ga hadisinmu? In aka rufe bakinsa yau don ba ka son abin da yake faɗa, wa ya gaya maka bakinsa kaɗai aka auna da aka rubuta dokar? Ka sake karanta ta. Ta ce masu jifa? Ta ce masu ƙin makaranta? Mutum uku ta ce.

Ban ce ka bar aiki ba. Ka tsare ƙofarka, ka raka 'yarka. Amma kada hannunka ya rubuta sunan mutumin da bai yi komai ba sai tsayuwa.

Naka har kullum,
Bawa


Ruwais, Jidda
20 ga Rajab, 1381

Zuwa ga Bawa.

Salam. Muna lafiya, ina fata ku ma haka. Allah ya ba Gwaggo sauƙi. Labarin kunnenka ya taɓa ni, ban sani ba, Allah ya saka maka.

Amma ka yi min magana kamar wanda bai ga jinin Larai ba. Ka ce a amsa musu. Wa zai amsa? Yarinya 'yar shekara tara za ta tsaya ta kawo wa maza ashirin hadisi? Kai a fili ka yi laccarka, wanda ba ya so ya wuce abinsa. Yaran nan ba su da wata hanya sai wannan ƙofa. In Usuman yana da magana, ga masallaci, ga shagonsa, ga majalisar umda. Don me sai a kan 'ya'yan mutane?

Kuma ka ce mu fito mu tsaya. Kai ɗan ƙasa ne, Bawa. An ɗaure ka, an sake ka, ka koma ɗakin uwarka. Ni a Ruwais aka yanke min cibiya, amma iƙama ce a aljihuna, takardar zaman baƙo, kuma sai kafili ya sa hannu ake sabunta ta. Mu in aka kama mu ba wata uku ake cewa ba. Jirgi ake cewa.

To bari in gaya maka abin da na yi, ka yi fushin gaba ɗaya. Makonni uku da suka wuce Usuman ya dawo, shi da mutum biyu. Ba su ce uffan ba. Suka tsaya a inda suka saba, kowa da carbinsa, har aka gama shiga. Washegari haka. Yara suka fara maƙalewa a lungu suna jiran su tafi, uku iyayensu suka daina kawo su. Rana ta huɗu askari ya zo ya ce, "Ya bawwab, ina littafi?" Na rubuta. Sunaye uku, na Usuman a sama.

Kwana biyu ya yi a markaz, ya sa hannu a takardar alkawari ba zai ƙara ba, aka sake shi. Da ya fito ya biyo ta gidanmu, bai shiga ba. Ya yi sallama daga waje, na fito, ya dube ni ya ce, "An nuna min shafin. Rubutunka yana da kyau, Abdulghani." Ya juya.

Mastura ta ce min, "Ɗan'uwana ka rubuta."

Na ce, "'Yarki na tsare."

Ta ce, "Na sani. Shi ya sa ban san wanda zan yi wa kuka ba." Mako guda tana ajiye min abinci ba ta zama.

Ban yi nadama ba, ka ji. Titi ya yi shiru, yaran uku sun dawo.

Sai dai wani abu ya taso. An aiko wa shugabar makaranta takarda daga sama, kowace yarinya ta kawo takardun ubanta kafin tsakiyar Sha'aban, wadda ba ta kawo ba ta zauna a gida. Na Sharifa suna nan. Amma yara goma sha shida ba su da komai, kuma duk namu ne, 'ya'yan Hausawa. Larai tana ciki. Ubanta ya rasu a hanyar Madina ba takarda ko ɗaya, Dela kuma daga Sudan aka zo da ita tana goye. Iyayen sun je wa shugaba, ta ce ba a hannunta yake ba. Sun je wa umda, ya ce a rubuta koke. An rubuta sau biyu, shiru.

Jiya Dela ta ajiye farantin gyaɗarta a kan dakalina ta ce in ranar ta zo, za su zo su zauna a bakin ƙofa da 'ya'yansu har wani babba ya fito ya saurare su. Na ce, "Dela, akwai doka." Ta yi dariya ta ce, "Haba Abu Sharifa, dokar masu jifa? Mu ai uwaye ne."

Abu na ƙarshe. Wasiƙarka ta iso bakin ambulan ɗin a jiƙe, kamar an buɗe an sake liƙewa. Wataƙila damshin teku ne. Amma ka riƙa tauna abin da za ka rubuto.

Naka,
Abdulghani


Ruwais
18 ga Sha'aban

Bawa, salam. Jikinmu lafiya.

Abin da na gaya maka ya faru jiya. An kwashe mata goma sha ɗaya daga bakin ƙofa a mota. An nemi sunaye, ni kuwa na riƙe takardar. Mastura ba ta gida.

Kada ka rubuto sai ka ji daga gare ni. Ka ce wa Gwaggo ta yi mana addu'a.

Abdulghani


Fagge, Kano
8 ga Fabrairu, 1962

Abdulghani,

Salam. Muna lafiya, mun ɗauki azumi. Ka ce kada in rubuto. Ba zan iya ba.

Sau biyar na karanta 'yar takardarka ina neman inda na yi kuskure, ban samu ba. Mata goma sha ɗaya, uwayen ƙawayen 'yarka, kai ne kuma mai riƙe da takardar sunayensu. Har da matarka? Mastura ba ta gida, ka ce, kamar ta je kasuwa. Uwar Sharifa tana markaz, kai kana zaune a kujerar ƙofa kana fiƙe fensir!

Na Usuman na yi maka uzuri, na ce tsoron uba ne. Wannan fa? Dela da ka ɗauki 'yarta cikin jini, ita ma ka rubuta? Ashe duk wanda aka ce ka rubuta sai ka rubuta. Sun yi sa'ar bawa mai biyayya, wallahi ko da fitila suka nema ba za su sami kamarka ba. Baffa mahaifinka da ya taka ƙasa da ƙafa daga Kano har bakin teku, da ya san ɗan da zai haifa ke nan, da ya tsaya a Maiduguri.

Dokar nan zalunci ce, na faɗa maka tun farko, kuma waɗanda suka yi ta sun san abin da suke yi. Da makarantar suka fake. Duk hukumar da ke tsoron uwa zaune a ƙasa da 'yarta ba ta da gaskiya. Ku mazan unguwar ina kuke? Ku tashi ku cika titin nan, ku ɗari, ku ga ko motarsu za ta ɗauke ku duka.

Ka fito da matarka ko da rigarka za ka sayar. Sai ka yi haka za ka sake kirana ɗan'uwa.

Bawa


Fagge, Kano
19 ga Afrilu, 1962

Zuwa ga ɗan'uwana Abdulghani.

Assalamu alaikum. Ina fata wannan ta same ka, kuma ta same ka a gidanka. Ban sa ta a gidan waya ba. Maƙwabcina Malam Rafi'u zai tashi Hajji jibi, na kwatanta masa Ruwais da masallacinku, ya yi min alkawari hannu da hannu zai ba ka.

Wata biyu da kwana goma ba labarinka. Azumi ya wuce, Salla ta wuce. Kullum sai na bar keken ɗinki na je gidan waya, har ma'aikacin ya fara girgiza min kai tun daga nesa.

Bayan Salla Inna ta matsa in gaya mata abin da ke damuna. Na ɗauko 'yar takardarka na karanta mata. Ta ce in sake. Na sake. Sai ta ce, "Kai Bawa, kunne ne ya mutu ko hankali? Yaron nan cewa ya yi ya riƙe. Wanda ya riƙe abu ai bai bayar ba."

Abdulghani, na sake duba takardar. In haka kake nufi, to na zage ka a kan abin da ya kamata in yi maka godiya. Wannan ma da sauƙi. Abin da ke hana ni cin abinci shi ne rabin wasiƙar na ƙarshe. Ka gargaɗe ni ana buɗewa, na rubuta zalunci, na rubuta ku tashi ku cika titi, na sa sunanka a bayan ambulan da hannuna. Ni da na yi maka wa'azin kada ka ba da sunan kowa.

Don Allah ko layi ɗaya ne ka ba Malam Rafi'u. In kuma wani ne ya karɓi wannan takarda ba kai ba, ina roƙonsa don girman ɗakin Allah ya gaya wa mai kawowa inda Abdulghani bawwab yake, da matarsa, da 'yarsa.

Naka mai neman gafara,
Bawa


Ruwais, Jidda
19 ga Zulhajji, 1381

Zuwa ga taubashina Bawa.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Muna gida mu uku, lafiya. Malam Rafi'u ya sauke farali, ya kwana biyu a wurinmu, gobe jirginsu. Ga man Gwaggo kwalba biyu. Ka gaya mata ita ce ta karanta daidai. Da gangan na rubuta haka, don mai buɗe wasiƙa ya fahimci abu ɗaya, kai ka fahimci ɗayan. Ban san ku biyun kanku ɗaya ba ne.

Yanzu da ba gidan waya a tsakaninmu, ga yadda aka yi.

Sun zo su goma sha shida, kowace da 'yarta, yaran da jakunkunansu. Suka zauna a ƙasa a gindin katanga. Ba wadda ta ɗaga murya. Mastura tana ciki tana shara. Da ta ji, ta yafa mayafi ta zo bayan ƙofa ta ce, "Buɗe min." Bawa, na murɗa mabuɗi na sa a aljihu. Ta yi ta bugun ƙarfen da tafin hannu tana kiran sunana, ban waiwaya ba. Wannan shi ne abin kunyata na ranar, ba wanda ka zarge ni da shi ba.

Da aka hango mota, biyar suka ja 'ya'yansu suka bi lungu. Hafsan 'yan sandan ya sauko ya ce, "Yalla ya bawwab, sunaye. Da na nan da waɗanda suka gudu." Duk fuskokinsu a rufe suke, amma ni na san kowace, ta takalmi ma na san su. Na ce, "Ya sidi, mata ne a lulluɓe, ban san kowa ba." Ko suna ɗaya ban rubuta ba. Ya karɓi littafin ya duba shafin, ya dube ni, ya ce, "Za mu yi magana."

Takwas mazansu sun je sun sa hannu an sake su. Uku ba miji ba takarda, aka riƙe su. Dela tana ciki. Mastura ta kwashe kayanta ta koma ɗakin Dela ta zauna da Larai, shi ne na ce maka ba ta gida. Kafin Salla aka sa su ukun a jirgin Port Sudan da 'ya'yansu. Ni na ɗauki ƙunshin kayan Larai zuwa ƙofar markaz. Yarinyar ta ce min, "Kawu, can akwai makaranta?" Na ce akwai. Ban sani ba, Bawa. Dela ba ta san kowa a can ba.

Ran sha biyar ga azumi da hantsi aka aiko in je markaz. Na yi sallama da Sharifa kamar ba zan dawo ba. Na shiga, ga wasiƙarka a kan tebur a buɗe, ga Usuman a tsaye a gefe. Sun rasa mai karanta ajami, sai suka tuna da shi. Sun kuma san abin da ke tsakaninmu, sun tabbata ba zai rufa min asiri ba. Ni kuwa wasiƙar ba ta taɓa isowa hannuna ba, ban san me ka rubuta ba.

Hafsan ya ce, "Karanta, ka juya mana da Larabci."

Usuman ya sa tabarau ya bi ta da ido tun daga sama har ƙasa. Na ga inda idonsa ya tsaya ya daɗe. Sannan ya fara. Ya juya musu zagin nan naka kalma bayan kalma, da fiƙe fensir, da bawa mai biyayya, da Baffa da Maiduguri. Hafsan ya fara murmushi, daga nan ya fashe da dariya har yana buga tebur. Ya ce, "Sai kuma me?"

Usuman ya ninke takardar ya ce, "Sauran ma faɗa ne, ya sidi. Tela ne, ba ya gajiya."

Hafsan ya ce min, "Halas, shi ke nan. Mutumin da danginsa ke zagi saboda mu, namu ne. Ranar nan tsoro ne ya kama ka, na gane. Kada ka sake." Ya jawo sabon littafi, ya fi na da kauri, ya miƙo min.

A waje na tsayar da Usuman. Na fara godiya, ya ɗaga hannu. Ya ce, "Ban yi don kai ba, kuma ban canja ba. Har gobe ina cewa makarantar nan kuskure ce, da za a bar ni da na faɗa a ƙofarta. Amma na kwana biyu a ɗakin can, na san yadda yake. Ba zan tura uban Sharifa ba." Na roƙe shi ya rubuta wa matan koke na uku, tunda ya fi kowa iya Larabcin hukuma. Ya ƙi.

Har yanzu ban yarda da kai gaba ɗaya ba. In aka ɗage dokar gobe, maza ashirin da uku za su dawo, Sharifa ta koma amai. Na yi ta juya abin a kan kujerar nan, ta yaya za a kori masu tsorata yara a bar Dela ta zauna? Na tabbata akwai hanya, amma ba wanda ya tambaye mu, kuma wurin da za mu faɗa shi ne aka hana tsayawa.

Ga abin da ya sa na tsawaita. Ranar Asabar za a koma makaranta bayan hutun Hajji. Uwayen yara goma sha ukun da suka rage sun ce za su sake zama. Jiya Mastura tana tsince shinkafa ta ce min, ba ta ko ɗago kai ba, "Asabar ina tare da su. Daga gida zan tafi, ba daga ciki ba, sai in ga ƙofar da za ka kulle."

Na ce, "Za a ce in rubuta."

Ta ce, "Na sani."

Ba zan iya cewa ban san matata ba, Bawa. Ba kuma zan rubuta ba, ko ita ko wata. Ka ga inda abin zai ƙare. Kafin wannan ta iso hannunka, abin da zai faru ya riga ya faru.

In aka tambaye ni garinmu don a san jirgin da za a sa mu, ba ni da sunan da zan faɗa sai Kano, garin da ban taɓa gani ba. Za ka karɓe mu? Ni ina iya dako ko gadi, Mastura tana iya kowane aiki. Sharifa kuma a sa ta makaranta, ko da za ta koma aji ɗaya, Hausarta ma sai an gyara. Ka amsa ta gidan waya, da sunan Usuman a Ammariyya, shi zai san inda muke. Kalma ɗaya ta isa. Don Allah ban da lacca.

Ga layin da ka nema a ƙasa, da hannunta.

Naka,
Abdulghani

Kawu Bawa ina gaishe ka. Ni ce Sharifa.


Fagge, Kano
11 ga Yuni, 1962

Zuwa ga Abdulghani, ta hannun Malam Usuman mai littattafai, Ammariyya.

Assalamu alaikum. Muna lafiya. Mai ya iso, Inna tana godiya. Rubutun Sharifa ya fi naka kyau.

E.

An share ɗakin da ke kusa da na Inna. Kullum ina gidan waya.

Naka,
Bawa